Daga Ɗakin Awo zuwa Cinyar Yaro: Yadda Sikanin Ya Fara Ganin Tsoka da Jijiya

A garuruwan kan iyaka irin su Dole Kaina, aikin da aka fi sanin na'urar sikanin da shi shi ne duba masu juna biyu. Ba abin mamaki ba ne, domin likitan mata ne, Ian Donald na Glasgow, ya fito da amfaninta a 1958.

A 1980, John Heckmatt da Victor Dubowitz na asibitin Hammersmith da ke Landan suka ɗora ta a kan cinyoyin yara masu ciwon Duchenne, cutar gado mai cinye tsokar yara maza. A lokacin, bincike yakan kai ga soka allura mai auna lantarkin tsoka ko yanko ɗan nama. Suka lura cewa lafiyayyar tsoka duhu take yi a allo, ƙashi na haskawa a ƙarƙashinta. Wadda kitse ya mamaye kuwa fari take yi, har ƙashin ya ɓace. A 1982 aka tsara ma'aunin Heckmatt mai matakai huɗu, wanda ake aiki da shi har yau.

Daga shekarun 1990 aka fara auna kaurin jijiyoyi da ita. Nan ne labarin ya shafi ƙasar Hausa, domin kuturta tana kumbura jijiya, kumburin da likitoci suka daɗe suna laluba da yatsa, kuma gano shi da wuri yana hana nakasa.

Sikanin bai maye gurbin gwajin jini ba, amma yana nuna wanda ya kamata a tura Birnin Kebbi ko Sakkwato. Sharaɗinsa biyu ne: kan na'ura mai ganin abin da ke kusa da fata, da ma'aikacin da aka horar.