Haja, Kadara, Dukiya da Tsaba: Sunayen Arziki a Malanville

Ɗan kasuwa a Malanville, garin da ke bakin Kogin Neja a arewacin Benin daura da Gaya, ba ya kiran abin hannunsa da suna ɗaya. Yana da haja, yana da kadara, yana da dukiya, yana da tsaba. A 1952 Harry Markowitz ya nuna da lissafi cewa raba jari tsakanin abubuwan da ba sa faɗuwa tare yana rage haɗarin asara. Kalmomin bakin kasuwa sun riga shi, domin kowacce tana faɗin masifar da abin ke tsoro da saurin komawarsa kuɗi.

Haja ita ce abin da aka saya don a sayar: albasa, shinkafa, masara, atamfa. Ranta yana cikin juyi. Albasa in ta daɗe a mota cikin rana sai ta yi gumi, ta yi laushi, wari ya taso daga ƙasan lodi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka koma ƙetarawa a kwale-kwale kaɗan-kaɗan. Wanda jarinsa duka haja ne ya ji a jikinsa.

Kadara zaunanniya ce: fili, gida, shago, gonar shinkafa a fadama. Ba ta ruɓewa, sai dai ranar buƙata ba ta da saurin samun mai saye, mai gaggawa kuwa karyar da ita yake yi.

Dukiya a bakin makiyayi shanu ne da tumaki. Tana haihuwa, tana zuwa kasuwa da ƙafarta, amma tana ci, kuma fari da cuta da ɓarawo na biye da ita.

Tsaba ma iri biyu ce a nan, don Najeriya na kusa. Sefa ɗaure take da yuro, a kan 655.957 kowane yuro ɗaya. Naira kuwa, daga kusan 460 kan dala ɗaya a tsakiyar 2023, ta kai 1,500 a farkon 2024. Sefar ma ba a ba ta amana gaba ɗaya, tunda an zaftare rabin darajarta a Janairun 1994.

Rabon jari yana da karin maganarsa: gida biyu maganin gobara. Abin da bai samu tsayayyen suna ba shi ne komawa a daidaita rabon. A ce mutum ya sa rabin jarinsa a haja, albasa ta yi kasuwa, hajar ta kai kashi 70 cikin 100. Zuciya za ta ce a ƙara lodi. Daidaitawa kuwa ita ce ya rage hajar tun tana tsada, ya sayi maraƙi ko ya adana sefa, har kowane kaso ya koma inda aka ajiye shi.

Mafi kusa da wannan a al'adarmu shi ne lissafin zakka. A mazhabar Malikiyya, mudiri, wato mai juya haja kullum, yana ƙiyasta kayansa duk shekara, ya haɗa da tsaba da bashin da yake sa ran karɓa, ya fitar da kashi 2.5 cikin 100. Shanu ana ƙirga su daban daga 30, tumaki daga 40, gidan zama kuma ba ya shiga lissafi. Arzikin nan kenan kashi-kashi, kowane da matsayinsa. Ina ganin ɗan kasuwar da ya riga ya zauna ya yi wannan ƙidayar bai kamata ya tashi ba sai ya duba kason da ya fi ƙarfin sauran, ya rage shi tun farashi na hannunsa.