Tarihin motar gazuwal: lita nawa take sha?



Ranar kasuwa kowa ya san motar da ke kwasar mutane da kaya. Ita ce ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, wadda muke ce ma bashe. Maƙwabtanmu na Najeriya suna ce mata a-kori-kura. Ita ke ɗaukar buhunan hatsi da na wake, da tumaki, da marar lafiya in za a kai shi likita da dare. In kun kasa kunne a tasha, za ku ji wata tana kuka a hankali, wata kuma tana ƙwanƙwasa kamar ana daka. Ta farko esansi take sha, wato fetur. Ta biyu gazuwal take sha.

Direbobi suna cewa mai gazuwal ba ta da ci. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, mi ya sa? Yau za mu bi tarihin wannan mota tun daga tushe. Maganar ta shafi kowa, ko wanda bai da keke. Kuɗin man da mota ta sha yana cikin kuɗin motar da kuke biya, yana kuma cikin kuɗin tiyar hatsi.

Mutumin da ya ƙi ɓarna

Injin gazuwal yana da sunan wanda ya ƙago shi. Sunansa Rudolf Diesel, shi ya sa ake ce ma injin dizal. An haife shi a birnin Paris cikin shekara ta 1858, amma iyayensa mutanen Jamus ne, kuma a Jamus ya yi karatun injuna.

A zamaninsa masana'antu da jiragen ƙasa suna aiki da injin tururi. Ana ƙona gawayin ƙasa, a tafasa ruwa, tururin ya juya ƙarfe. Da Diesel ya yi lissafi, sai ya ga cikin ƙarfin da ke cikin gawayin, kashi 10 cikin 100 kawai ke zama aiki, wani lokaci ma bai kai ba. Sauran duk yana tafiya a iska. Kamar manomi ne ya kai dami 10 rumbu, gara ta cinye 9.

Wannan ɓarna ta dame shi. Cikin 1893 hukumar Jamus ta ba shi takardar shaidar cewa dabarar tasa ce. Ya yi shekara 4 yana gwaji a wata masana'anta ta garin Augsburg. Cikin 1897 injinsa ya yi aiki sosai. Da aka auna, sai aka ga yana mai da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki. Babu injin da ya kai haka a lokacin.

Ina asirin yake?

Wanda ya taɓa hura tayar keke ya san famfo yana yin zafi a hannu. Iska ce, in an matse ta, take ɗaukar zafi. Dabarar Diesel ke nan.

Injin esansi yana haɗa mai da iska, ya matse su kamar sau 8 zuwa 10, sa'an nan buji ya ƙyasta wuta. Injin gazuwal bai da bujin ƙyasta wuta. Iska tsura yake matsewa, sau 15 zuwa 22, har ta yi zafin gaske. Sa'an nan a fesa gazuwal a ciki, ya kama da kansa. Ƙwanƙwasar da kuke ji ke nan. Gwargwadon yadda aka matse, gwargwadon ƙarfin da ake samu cikin kowane ɗigon mai.

Akwai dalili na biyu. Gazuwal ya fi esansi nauyi. Lita 1 ta gazuwal ta fi lita 1 ta esansi ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100. In an haɗa dalilan biyu, motoci biyu masu girma ɗaya, masu kaya ɗaya, mai gazuwal takan rage kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na litocin da mai esansi ke sha. To, direbobi sun yi gaskiya.

Injin da ya sha man gujiya

Ga wani labari da ya shafi manoman Maraɗi da Damagaram. Cikin 1900 an yi babban baje kolin duniya a Paris. A can aka nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gujiya zalla. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, don tana tunanin ƙasashen Afirka da take mulki, inda gujiya ke yi sosai. Injin ya yi aiki lafiya. Amma man da ake haƙowa daga ƙasa ya fi arha, shi ya sa duniya ta bi shi.

Diesel bai ga injinsa bisa hanya ba. Cikin watan Satumba na 1913 ya shiga jirgin ruwa za shi Ingila. Da gari ya waye ba a gan shi cikin jirgin ba. Bayan ƴan kwanaki aka ga gawarsa cikin teku.

Daga masana'anta zuwa hanya

Injunan farko manya ne ƙwarai, masu nauyi. Masana'antu da jiragen ruwa kaɗai ke iya ɗaukar su. Abin da ya gagara shi ne na'urar fesa mai, ƙarama, wadda za ta auna ɗigon daidai, sau dubbai cikin minti ɗaya.

Cikin 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN na Jamus suka fito da kamiyo na farko masu gazuwal. Cikin 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa gazuwal da yawa. Wannan famfo shi ne ya buɗe hanya. Cikin 1936 Mercedes ta fito da motar shiga mai gazuwal. Masu tasi ne suka fi sayen ta, don su ke yini bisa hanya, su suka fi jin zafin kuɗin mai.

Bayan yaƙin duniya na biyu injin ya ƙara ƙanƙancewa. Land Rover ta sami injin gazuwal cikin 1957. Peugeot ta Faransa ta sa shi cikin motarta 403 wajen 1959. Cikin 1960, shekarar da Nijar ta sami ƴancin kai, aka fito da Peugeot 404. Daga baya aka yi ta mai buɗaɗɗen baya da rufin tamfol, wadda ke ɗaukar kaya kusan tan 1. Daga sunan tamfol ɗin nan da Faransanci muka sami kalmar bashe. Akwai mai esansi, akwai mai gazuwal. Bayanta 504 ta zo. Cikin 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna.

Shekarar da mai ya yi tsada

Kafin 1973 mai yana da arha a duniya. Mutane ƙalilan ne ke tambayar lita nawa mota ke sha. Cikin watan Oktoba na 1973 yaƙi ya tashi tsakanin Isra'ila da ƙasashen Masar da Siriya. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka rage wanda suke sayarwa. Cikin wata 3 ko 4, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dalar Amurka 3 zuwa wajen 12, wato ninki 4.

Dattawanmu ba su manta da wannan lokaci ba, don ya haɗu da babban fari. Ana bukatar motoci su kai abincin agaji ƙauyuka masu nisa, ga shi mai ya yi tsada. Nijar ba ta da bakin teku, kuma a lokacin ba ta tace mai. Wani man yana sauka Kotonu, jirgin ƙasa ya kawo shi Paraku, sa'an nan manyan motoci su shigo da shi ta Gaya. Daga Kotonu zuwa Yamai ya fi kilomita 1000. Cikin 1977 gwamnati ta kafa SONIDEP don ta kula da shigo da mai da ajiye shi. Cikin 1979 aka yi juyin juya hali a Iran, mai ya sake tashi.

Tun daga nan masu ƙera motoci suka shiga tseren rage shan mai. Toyota ta Japan ta fara yin Hilux cikin 1968, da injin esansi. Cikin 1979 ta sa mata injin gazuwal. Sannu a hankali motocin Japan suka cika hanyoyinmu, daga Tawa har Agadas.

Darasi biyu daga Amurka

Mutanen Amurka suna son bashe ƙwarai. Su ma tsadar mai ta taɓa su. Cikin 1975 suka yi doka ta tilasta ma masu ƙera motoci su rage shan mai.

Cikin 1978 kamfanin General Motors ya yi gaggawa ya fito da injin gazuwal wanda aka tsara bisa fasalin injin esansi. An sa shi cikin motocin shiga da bashe. Shan mansa kaɗan ne, amma yana yawan lalacewa. Bai jure matsin da muka ambata ba, kuma ba a sa masa matacin da ke raba ruwa da gazuwal ba. Ruwa ya riƙa ɓata famfon. Cikin 1985 aka daina yin sa. Darasi na farko ke nan: abin da aka rage wajen mai yana iya ƙarewa wajen makanike.

Cikin 1989 kamfanin Dodge ya sa ma bashensa injin Cummins mai ƙarko. Mutane suka sake yarda da gazuwal. Amma shekara bisa shekara motocin suka ƙara girma da gudu. Babbar bashe ta Amurka ta ninka 404 nauyi fiye da sau 2. Darasi na biyu ke nan: ko inji bai da ci, nauyi da gudu suna cinye ribar.

Sabon inji da halinsa

Daga 1997 aka fara sa ma ƙananan motoci sabuwar hanyar fesa gazuwal, wadda kwamfuta ke aunawa. Injin yana da ƙarfi, bai da yawan ƙara, yana sha kaɗan. Amma bai yarda da datti ba. Gazuwal mai ruwa ko ƙura yana kashe shi da sauri, kuma gyaransa da tsada.

Hayaƙin ma abin kula ne. Cikin 2012 masu binciken Hukumar Lafiya ta Duniya suka tabbatar hayaƙin gazuwal yana iya kawo ciwon daji na huhu. Kada a bar inji yana aiki cikin rufaffen gareji. Kada yara da masu talla su tsaya bakin bututun hayaƙi.

Lita da kuɗinta

Cikin watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram. An gina ta don tace ganga dubu 20 a rana, daga ɗanyen man Agadam. Tun lokacin Nijar tana tace esansi da gazuwal nata.

Amma mutanen bakin iyaka sun san wani abu. Shekaru da yawa gwamnatin Najeriya tana biyan wani kashi na kuɗin esansi. Saboda haka ƴan ruwa-ruwa suna sayar da shi da arha cikin kwalabe, daga Ƙonni har Magarya. Mai bashen esansi yana shan lita da yawa, amma litar ba ta da tsada. Cikin watan Mayu na 2023 Najeriya ta janye wannan tallafi, esansi ya yi tsada nan take. Wanda bai rubuta lissafinsa ba, bai san lokacin da riba ta koma hasara ba.

Yadda za ku auna da kanku

A nan karatunku zai yi amfani. Ku sami littafi da alƙalami.

1. A cika tanki fal. A rubuta lambar da ke bisa agogon kilomita.
2. A yi tafiya. In an dawo, a sake cika tanki fal. A rubuta lita nawa ya ci, da sabuwar lambar agogo.
3. A ɗebe tsohuwar lamba daga sabuwa. Kilomitan da aka yi ke nan.
4. A ninka litoci sau 100, a raba da kilomita.

Ga misali. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, zuwa da dawowa, wajen kilomita 470 ne. A ce bashen ƙungiyar manoma ta sha gazuwal lita 47. 47 sau 100, 4700 ke nan. A raba da 470, an sami 10. Wato motar tana shan lita 10 cikin kilomita 100.

A ce wata mai esansi tana shan lita 13 cikin kilomita 100. Tafiyar nan za ta ci mata lita 61. Bambanci lita 14 ne. In ana tafiyar sau 50 a shekara, lita 700 ke nan. Ku ninka litocin kowace mota da kuɗin litarta na yau, ku ƙara kuɗin gyara, sa'an nan ku ga wadda ta fi.

In wata rana littafi ya nuna 10 ta koma 13, akwai dalili. A duba matacin iska, don ƙurar hunturu tana toshe shi. A duba iskar taya. A duba kayan da aka labta sama, don iska tana tare su. A tambayi direba gudun da yake yi, don in ya wuce kilomita 80 ko 90 cikin awa, shan mai yana hawa da sauri. A hana barin inji yana kuka a tasha ana jiran fasinja. Baƙin hayaƙi kuwa gazuwal ne da bai ƙone ba, kuɗin ƙungiya ne ke tashi sama. In duk waɗannan lafiya suke, to, a duba ko wani yana zuƙe tankin.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku a wurin karatu:

1. Wace ɓarna ce ta dami Rudolf Diesel?
2. Mi ya sa injin gazuwal bai bukatar bujin ƙyasta wuta?
3. Mi ya faru da kuɗin mai cikin 1973?
4. Mota ta sha lita 36 cikin kilomita 300. Lita nawa take sha cikin kilomita 100?

Wanda ya sami amsar ta 4, ya nuna ma direban garinsu yadda ya yi. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.