Me ya sa firinta da talabijin ke ɓacewa da zarar ka kunna VPN? Ga tarihin abin

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, domin akwai wata matsala da ke cin kuɗin mutane a banza. Mutum zai kunna VPN a wayarsa, sai ya nemi firintar shagonsa ko Chromecast ɗin falonsa ya rasa. Daga nan sai ya kwaso waya ya nufi wurin mai gyara, a ce masa aysin Wi-Fi ne ya mutu, ko a yi mata filashin duk hotunansa su tafi. Alhali wayar lafiyarta ƙalau. In ka san asalin abin, ba mai karɓar ko sisinka.

Mu koma 1985. A shekarar ne Apple ya fito da AppleTalk. Ka jona kwamfutocin Macintosh da firinta da waya ɗaya, ka buɗe wani ɗan shiri mai suna Chooser, sai ga sunan firintar ya fito da kansa. Ba rubuta lamba, ba kiran injiniya. To amma da intanet ya mamaye duniya, kowa ya koma tsarin IP, wanda shi kuma lamba ya sani. In ba ka san adireshin na'ura ba, ko tana gabanka ba za ka same ta ba.

Wani ɗan Ingila mai suna Stuart Cheshire, wanda tun 1987 ya yi suna da wasan tankokin yaƙi na kwamfuta mai suna Bolo, shi ya dage sai an dawo da wancan sauƙin. A 1999 ƙungiyar IETF, masu tsara ƙa'idojin intanet, ta kafa kwamitin Zeroconf. A 2002 Apple ya saka tsarin a Mac da sunan Rendezvous, a 2005 kuma aka canza masa suna zuwa Bonjour bayan rigimar suna da kamfanin Tibco. Masu Linux suka yi nasu, Avahi. Microsoft da abokansa su ma tun 1999 suna da UPnP, wanda ke neman na'urori ta hanyar SSDP. A Fabrairun 2013 ne aka fitar da ƙa'idojin mDNS da DNS-SD a hukumance, RFC 6762 da 6763.

Yaya yake aiki? Ka ɗauka kamar mai shela ne a unguwa. Wayarka ba ta san inda firinta take ba, sai ta ɗaga murya: "Wa ke buga takarda a nan?" Wannan kiran tana aika shi ne zuwa adireshi na musamman, 224.0.0.251, ta ƙofa mai lamba 5353. Duk na'urar da ke kan Wi-Fi ɗin za ta ji, firinta ta amsa da sunanta da lambarta. Na SSDP kuma 239.255.255.250 ne, ƙofa 1900. AirPrint da ya zo iPhone a 2010 da wannan shelar yake aiki, haka ma Chromecast na yanzu.

Ga inda gizo ke saƙa. Da gangan aka tsara cewa shelar mDNS ba ta tsallake rawuta. Duk adireshin da ya fara da 224.0.0 na cikin gida ne, rawuta ba ta miƙa shi gaba. Kuma ni a ganina sun yi daidai. Ka yi tunanin a ce duk wayar da ke Kano tana jin kiran kowace firinta ta duniya, ai da datarka ba za ta kai azahar ba, kuma da kowane ɗan damfara ya san abin da ke ɗakinka.

Shi kuwa VPN da wata manufa daban aka haife shi. PPTP na shekarun 1990 don ma'aikaci ya shiga kwamfutocin ofis daga gida aka yi shi. A 2001 James Yonan ya fito da OpenVPN, mai hanya biyu: TAP, wanda ke kwaikwayon wayar da aka jona kai tsaye har shela ta bi ta ciki, da TUN, wanda saƙo mai adireshin IP kawai yake ɗauka. Da Android 4.0 ya buɗe wa manhajojin VPN ƙofa a 2011, irin TUN kaɗai ya yarda da shi, iPhone ma haka. WireGuard na Jason Donenfeld, da ya shiga cikin Linux a Maris 2020, shi ma a wannan matakin yake aiki. Kenan ramin da wayarka ke bi, ba a gina shi don mai shela ba.

Mu a nan, da yawa sun fara sanin VPN ne lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An buɗe Twitter, amma manhajar ta zauna a wayoyi, wasu ma a kunne dare da rana ba su sani ba.

To matsalar kala biyu ce, kar ka haɗa su.

Ta farko, kana gida ko shago, kan Wi-Fi ɗaya da na'urar, amma VPN ya kwashe komai ya tura cikin rami. Gwajin ba ya cin minti ɗaya: kashe VPN, ka sake dubawa. In ta fito, shi ke nan, ka kama ɓarawon. Shiga saitin manhajar ka nemi inda aka rubuta LAN ka kunna, ko ka cire manhajar firintar daga cikin waɗanda ke bin ramin. A Android ka duba ko an kunna zaɓin toshe duk haɗin da bai bi ta VPN ba. A WireGuard, in ka ga 0.0.0.0/0 a layin AllowedIPs, ma'anarsa komai da komai ya bi rami. A iPhone kuma, tun iOS 14 sai ka ba kowace manhaja izinin ganin na'urorin gida. Mutane da yawa suna danna ƙin yarda ranar farko su manta. In ka kashe VPN ɗin ma ba ta fito ba, duba ko kana kan Wi-Fi na baƙi, don shi yakan hana na'urori ganin juna.

Ta biyu ita ce ke wahalar da masu shagon buga takardu da masu kyamarar tsaro. Kana tafiya, ka shiga netwok ɗin shagonka ta VPN, haɗi ya yi, amma jerin na'urori fayau. Nan babu abin da ya lalace, shelar ce ba ta iso ba. Rubuta lambar na'urar da hannu, misali 192.168.1.50, a burawuza. In shafinta ya buɗe, sai ka ƙara ta da lambar. Firintoci galibi ƙofa 631 ko 9100 suke saurare. Ka sa rawuta ta riƙe mata wannan lambar dindindin, in ba haka ba ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita za ta iya canzawa. Sannan ka lura: in Wi-Fi ɗin da kake kai da na shagon duk 192.168.1 suke amfani da shi, wayar za ta yi ta neman firintar a inda kake zaune. Canza na shagon zuwa wani abu kamar 192.168.50.

Masu son sunan ya riƙa fitowa da kansa sukan sa Avahi ya maimaita shelar tsakanin ɓangarori biyu, kuma a 2020 an fitar da RFC 8766 don irin wannan buƙata. Amma wannan sai kana da rawuta ko ƙaramar kwamfuta da ke kunne kullum a shagon, kuma a waya ba kullum yake ci ba. In firinta ɗaya ce da kyamara biyu, rubuta lambobinsu a takarda ka liƙa a bayan waya.