Janar Ɗanjuma: Daga Barikin Soja Zuwa Kujerar Ministan Tsaro

Lokacin da Janar Abdulsalami Abubakar ya miƙa wa Olusegun Obasanjo mulki ranar 29 ga Mayu, 1999, ba kowa ne ya yarda gwamnatin za ta yi nisan kwana ba. Masu wannan shakka suna da hujja. A cikin shekara 39 da samun 'yancin kai, sojoji sun riƙe Najeriya kusan shekara 29. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa bindiga ce ta kawar da ita, ta Shehu Shagari ma haka, kuma barikoki cike suke da hafsoshin da suka ɗanɗani gidan gwamnati tun suna da ƙananan muƙamai. Obasanjo yana neman wanda zai ɗora a ma'aikatar tsaro, mutumin da idan ya yi magana masu kaki za su saurara ko ba su so. Sai ya ɗauko tsohon abokin aikinsa, Laftanar Janar Theophilus Yakubu Ɗanjuma, wanda ya tuɓe kaki shekara ashirin kafin nan.

An haifi Ɗanjuma a Takum ranar 9 ga Disamba, 1938, a ƙasar Jukunawa da ke cikin jihar Taraba ta yau. Ya yi firamare a Wusasa, gefen Zariya, ya yi sakandare a Katsina-Ala, sannan a 1959 ya koma Zariya, kwalejin da daga baya ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello. Bai ƙarasa ba. A 1960 ya ajiye littattafai ya shiga makarantar horar da hafsoshi a Kaduna, daga nan aka tura shi Ingila ya ƙaro horo. Zamanin ne da Sardauna da Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaro na farko bayan 'yancin kai, suke ta kwaɗaitar da samarin Arewa masu ilimin boko su shiga soja, domin sun lura ƙananan sojoji yawanci 'yan Arewa ne, amma hafsoshin da ke ba su umarni daga Kudu suke. Ɗanjuma yana cikin wannan rukuni. Kamar sauran tsararrakinsa, ya fara ganin aiki na gaske a Kwango, ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sunansa ya shiga tarihi ne da asubahin 29 ga Yuli, 1966, kuma ta hanyar da har yau ba a daina jayayya a kanta ba. Wata shida kafin nan, a juyin mulkin 15 ga Janairu, an kashe Sardauna da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa irin su Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki, bai gurfanar da masu laifin ba, sannan a watan Mayu ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin yankuna. Barikoki suka ɗau zafi. A daren da sojojin Arewa suka tashi, Ironsi yana Ibadan a gidan gwamnan Yamma, Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi, bayan wani taro da sarakuna. Manjo Ɗanjuma ne ya jagoranci waɗanda suka kewaye gidan, ya hau sama ya shaida wa shugaban ƙasa an kama shi. Bayan 'yan sa'o'i aka harbe Ironsi da Fajuyi a wani daji da ke wajen Lalupon. Ɗanjuma ya sha faɗa cewa ƙananan sojoji ne suka ƙwace mutanen biyu daga hannunsa, ba ya wurin da aka kashe su. Mutanen Gabas da yawa ba su karɓi wannan bayani ba, kuma wannan safiya ta bi shi duk inda ya shiga a rayuwa.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, yana runduna ta ɗaya ƙarƙashin Kanar Mohammed Shuwa, kuma dakarun da ya jagoranta ne suka shiga Inugu, hedikwatar Biyafara, a farkon Oktoba na wannan shekara. Bayan yaƙi aka ba shi wani aiki da mutane da yawa ba su sani ba: an tura shi can Tirinidad da Tobago, a yankin Karibiyan, ya shugabanci kotun soja da ta saurari shari'ar sojojin da suka yi bore a 1970. Wanda ya taɓa kama shugaban ƙasarsa ne aka zaunar ya hukunta masu tawaye, kuma daga wannan lokaci duk abin da aka sani game da shi ya karkata ne ga tsare horo da biyayya a cikin soja.

A Yuli 1975 aka kifar da Janar Yakubu Gowon. Murtala Mohammed ya zama shugaba, Obasanjo na biye da shi, Ɗanjuma ya zama babban hafsan sojan ƙasa. Rundunar da ya gada ta kumbura fiye da kima. Kafin yaƙi sojojin Najeriya ba su wuce dubu goma da 'yan kai ba, a ƙarshensa sun kai kusan 250,000, yawancinsu an ɗauke su ne cikin gaggawa, babu isasshen horo, babu barikin da zai ɗauke su. Dole a rage, amma ragewa na nufin raba dubban mutane masu bindiga da abincinsu. Ga kuma rikicin ƙarin girma: a farkon 1976 aka ɗaga Ɗanjuma zuwa Laftanar Janar, ya tsallake Manjo Janar Iliya Bisalla, wanda shi ne kwamishinan tsaro na tarayya, wato mai riƙe da kujerar da Ɗanjuma zai zauna a kai bayan shekara 23.

Ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motar Murtala wuta a cikin cunkoson Legas. Ɗanjuma yana cikin waɗanda aka shirya kashewa, Allah bai nufa ba. Ya tattara hafsoshin da ya amince da su, ya tura Kanar Ibrahim Babangida gidan rediyo a Ikoyi inda Dimka ya yi sanarwa, kafin yamma juyin mulkin ya watse. Abin da ya faru a taron Majalisar Ƙoli ta Soja bayan haka shi ne, a ganina, babban abin da ya kamata a tuna da Ɗanjuma. Sojoji suna hannunsa, abokan aikinsa da dama suna son shi ya hau, Obasanjo kuwa ya karaya yana ja da baya. Ɗanjuma ya ƙi, ya dage cewa na biyu ne zai gaji na ɗaya. Ya kuma karanci halin da ƙasa take ciki: an kashe shugaba Musulmi ɗan Kano, yawancin waɗanda ake zargi kuwa Kiristoci ne daga yankin Binuwai da Filato, inda shi ma ya fito. Da ya hau, da wuya a hana mutane cewa da shi aka ƙulla. Saboda a kwantar da hankalin Arewa aka ɗauko Laftanar Kanar Shehu Musa 'Yar'aduwa aka yi masa ƙarin girma zuwa Birgediya ya zama na biyu, shi kuma Ɗanjuma ya zauna a matsayinsa na uku.

Hukuncin da ya biyo baya ya yi tsanani. An harbe Bisalla tare da wasu da dama a watan Maris, aka harbe Dimka da tsohon gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, a watan Mayu. Akwai gidaje a Filato da har yanzu suke ganin an haɗa da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Ranar 1 ga Oktoba, 1979, sojoji suka miƙa wa Shagari mulki, Ɗanjuma ya yi ritaya yana ɗan shekara arba'in. Ya shiga harkar jiragen ruwa, ya kafa Nigeria American Line, sannan Comet Shipping, daga baya kuma kamfanin mai na South Atlantic Petroleum, wanda gwamnatin Abacha ta ba wa wani yankin haƙar mai a cikin teku a 1998. Wannan yanki ne ya mai da shi ɗaya daga cikin manyan attajiran Afirka, musamman bayan da kamfanin CNOOC na ƙasar Sin ya sayi kashi 45 cikin ɗari nasa a 2006 kan kuɗi sama da dala biliyan biyu. Masu suka suna kawo wannan a matsayin misalin yadda arzikin ƙasa ke faɗawa hannun tsofaffin janar-janar, kuma ba za a ce ba su da abin faɗa ba.

To, wannan shi ne mutumin da ya zama ministan tsaro a tsakiyar 1999. Tun kafin ministoci su gama zama, gwamnatin ta yi abin da ya girgiza barikoki: a watan Yuni ta yi wa hafsoshi 93 ritayar dole, waɗanda suka taɓa riƙe muƙaman siyasa a zamanin soja, gwamnoni da ministoci da makamantansu. Hikimar a fili take. Wanda ya saba da jerin gwanon motoci da baitulmalin jiha ba zai ji daɗin komawa yana sara wa na gaba da shi a bariki ba, kuma daga irinsu ne masu juyin mulki suke fitowa. Aka naɗa sababbin shugabannin runduna: Ibrahim Ogohi, sojan ruwa na farko da ya zama babban hafsan tsaro, Victor Malu a sojan ƙasa, Victor Ombu a na ruwa, Isaac Alfa a na sama. A Kano da Sakkwato da Katsina an yi ta gunaguni cewa an share 'yan Arewa ta can sama daga shugabancin soja, kuma da yawa sun ɗora alhakin a kan Ɗanjuma. Ko ma mene ne gaskiyar wannan ƙorafi, aikin ministan shi ne ya tabbata waɗanda aka sallama sun tafi, waɗanda suka rage sun karɓi umarnin farar hula, kuma hakan aka yi. Daga 1999 zuwa yau babu wanda ya ƙara kifar da gwamnati a Najeriya da bindiga, alhali maƙwabta irin su Nijar da Mali da Burkina Faso sun sha gani.

Sauran shirye-shiryensa ba su tafi haka ba. Ya yi maganar rage yawan sojoji domin a samu runduna ƙarama mai horo da kayan aiki, amma rikice-rikicen cikin gida da aikin kiyaye zaman lafiya a Saliyo suka sa batun ya shiririce. Gwamnati ta gayyato Amurkawa, ciki har da wani kamfanin tsofaffin sojoji mai suna MPRI, su taimaka a gyara tsarin rundunar. Janar Malu, wanda ya jagoranci dakarun ECOMOG a Laberiya, ya fito fili ya nuna bai yarda baƙi su leƙa asirin tsaron ƙasa ba. A Afrilu 2001 aka sauke shi.

Inda tarihin ministan ya yi duhu shi ne yadda soja suka yi da farar hula. A Nuwamba 1999, bayan wasu matasa sun kashe 'yan sanda goma sha biyu a Odi ta jihar Bayelsa, aka tura sojoji suka ragargaza garin, gine-gine ƙalilan ne suka tsira. A 2013 wata babbar kotun tarayya ta umarci gwamnati ta biya mutanen Odi diyyar naira biliyan 37.6. Sai kuma Oktoba 2001, lokacin da rikicin Tibi da Jukun ya yi ƙamari a kan iyakar Binuwai da Taraba, aka kashe sojoji 19 aka wulaƙanta gawarwakinsu. Kwanaki kaɗan bayan haka sojoji suka afka wa Zaki Biam da Gbeji da wasu ƙauyuka, inda a wasu wurare aka tara maza kamar za a yi taron sulhu sannan aka buɗe musu wuta. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 200. Har gidan Janar Malu a ƙauyensu aka rushe, aka kashe 'yan uwansa. Da yake ministan tsaro Bajukune ne, Tibi suka nuna shi da yatsa kai tsaye. Ya musanta cewa yana da hannu, kuma gaskiya ne cewa a tsarin Najeriya shugaban ƙasa ne babban kwamanda, ba minista ba. Amma ba a ga an gurfanar da kowa ba a lokacin da yake kan kujera, kuma mutum mai nauyin Ɗanjuma da ya dage a hukunta masu laifi, da wuya a ƙi jin maganarsa. Sai a 2007 babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Janar Luka Yusuf, ya nemi gafarar mutanen Binuwai.

A zamaninsa ne kuma rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi bindiga ranar 27 ga Janairu, 2002. Fiye da mutum dubu suka mutu, yawancinsu mata da yara da suka faɗa wani magudanin ruwa suna gudu cikin duhu. Tsofaffin bama-bamai ne aka jibge shekara da shekaru a tsakiyar unguwannin jama'a.

Ya bar ma'aikatar a 2003, Rabi'u Musa Kwankwaso ya gaje shi. Tsakaninsa da Obasanjo ta yi tsami, har ya shiga sahun masu adawa da yunƙurin tazarce na 2006. Ya kafa gidauniya da sunansa wadda ya zuba wa dala miliyan ɗari domin lafiya da ilimi, ya shugabanci asusun tallafa wa waɗanda rikicin Boko Haram ya shafa a zamanin Jonathan, da kwamitin farfaɗo da Arewa maso Gabas a zamanin Buhari. Masarautar Zazzau, inda ya yi ƙuruciya, ta naɗa shi Jarmai.

A watan Maris 2018, wurin bikin yaye ɗalibai na Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, Ɗanjuma ya tsaya gaban jama'a ya zargi sojojin Najeriya da haɗa baki da 'yan bindigar da ke kashe mutane a jiharsa, ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. Maganar ta tayar da ƙura, domin ba daga bakin ɗan adawa ta fito ba, daga bakin wanda ya shugabanci rundunar shekara huɗu da kaki, ya kuma kula da ita shekara huɗu da babbar riga. Wasu sun ce ya faɗi abin da talakawan karkara suka daɗe suna faɗa. Wasu, musamman Fulanin da aka kashe musu 'yan uwa a tsaunin Mambila shekara guda kafin nan, sun tambayi dalilin da bai ɗaga murya haka ba a lokacin. Ma'aikatar tsaro, wadda a lokacin wani tsohon soja ne yake riƙe da ita, Birgediya Janar Mansur Ɗan Ali, ta ce kiran nasa gayyatar rashin doka ne. Rundunar sojan ƙasa ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya zagaya Taraba, sannan ya fitar da rahoto cewa bai samu shaidar haɗin baki ba.