Ruwan da Ba a Samanmu Ya Sauka Ba: Tarihinmu da Komadugu

Duk wanda ya tashi a Diffa ya san ranar nan da ake cewa "ruwa ya zo". Wata da watanni kogi yana kwance busasshe, yara na buga ƙwallo a cikin rairayinsa, amalanken shanu na ratsa shi zuwa wancan ƙetare, sai a wayi gari wajen Yuni ko Yuli a ji cewa kan ruwa ya wuce garuruwan yamma, yana tafe a hankali, yana turo kumfa da ƙiraruwa a gabansa. A fita kallo kamar an yi baƙo. To, baƙon ne kuwa, don ruwan nan ba a samanmu ya sauka ba.

Damanarmu gajera ce, abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 300 ba, kuma wannan ba zai cika kogi ba. Ruwan Komadugu daga nesa yake tasowa. Wani reshe daga tsaunukan Jos, ya biyo kogin Jama'are ta ƙasar Bauchi. Wani daga ƙasar Kano, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Su biyun su baje a fadamun Haɗeja da Nguru, su ɗan kwana biyu, sannan abin da ya rage ya kamo hanya ta Gashuwa da Gaidam, ya iso mana, ya je ya faɗa Tabkin Chadi kusa da Bosso. Shi ya sa kogin ba ya kai maƙurar cikarsa sai wajen Nuwamba zuwa Disamba, lokacin da gero ya daɗe da shiga rumbu. Kun ga kenan Allah ya ba mu kaka biyu, ta sama da ta kogi. A kan wannan jinkirin na ruwa aka gina rayuwar kwarin nan gaba ɗaya.

Sarakunan Borno sun gane haka tun da daɗewa. Wajen 1470 Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Ngazargamu a nan kudu maso yamma da mu, kusa da inda Komadugu Gana ke tahowa ta haɗu da Yobe, kuma birnin ya riƙe sarauta fiye da shekara 300 kafin mayaƙan jihadi su ci shi a 1808. Ita kanta kalmar komadugu, ai da Barbarci kogi take nufi. A zamanin nan kogin tsakiyar ƙasa ne, ba gefenta ba. Mobar suna noma gaɓa biyu, suna ɗibar ruwa da jigo suna ban-ruwan alkama da albasa. Masunta na bin kifi cikin tabkunan da ambaliya ta bari. Fulani da sauran makiyaya su gangaro da rani, su haura arewa da damana. Can cikin tabki kuma ga Buduma da shanunsu na Kuri masu manyan ƙahoni, waɗanda ke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Ba ma cewa ba a faɗa, ana yi sosai, a kan gona da burtali da mashaya. Amma kowa ya san watansa, kuma kowa yana da hanyar tafiya.

Turawan Ingila na farko da suka iso nan, su Denham da Clapperton da Oudney, sun ƙetare kogin a watan Fabrairun 1823 a hanyarsu ta zuwa Kukawa wurin Shehu Laminu, suka same shi da ruwa mai faɗi, har aka yi ta tunanin ko shi ne kogin Kwara da suke nema. Waɗanda suka biyo bayansu ba kallo ya kawo su ba. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906, da aikin shata iyaka da Kyaftin Tilho ya jagoranta a ɓangaren Faransa, su suka mayar da ƙarshen kogin, kimanin kilomita 150, ya zama iyaka. Daga ranar, mutum ya kwana da gonarsa a wata ƙasa, ƙanwarsa tana aure a wata. Mu dai ba mu daina ƙetarewa ba, har gobe naira na yawo a kasuwanninmu fiye da sefa a wasu wurare. Amma an dasa wani abu da zai tashi daga baya.

Shi Tilho ɗin ya tarar da tabkin ya ja baya ƙwarai a shekarun da ya yi aikinsa, kuma daga baya ya rarrabe shi gida uku: ƙarami, matsakaici da babba. Mu riƙe wannan, don ana yawan ba da labarin tabkin kamar a ce cike yake tun fil azal sai jiya ya fara ƙafewa. A'a. Tabki ne mai tafiya ya dawo.

A farkon shekarun 1960 ya cika, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, jiragen ruwa na tsayawa dab da Ngigmi. A 1964 ƙasashe huɗu, Nijar da Najeriya da Chadi da Kamaru, suka kafa Hukumar Tabkin Chadi. A wannan shekarar ce kuma aka sake tsarin mulki aka ɗora Diffa, wadda ƙaramin gari ce tsakanin Maine Sorowa da Ngigmi, ta zama babban birnin jiha. Ba a yi shekara goma ba fari ya sauka. A 1973 tabkin ya rabu biyu, kuma rabin arewa, wanda shi ne namu, ya yi ta ƙafewa har ƙasa ta tsage. Sannan ga 1984, yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Dattawanmu har yanzu in za su ƙirga shekarun mutum, da ita suke aunawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a daidai lokacin da sama ta hana, mutane ma sun tare. An gama madatsar Tiga a ƙasar Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ruwan da aka riƙe ya shayar da birnin Kano da gonakin Kadawa, ba mu ƙi ba, su ma bayin Allah ne. Sai dai ambaliyar fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zama mafi yawan abin da ke iso mana yanzu daga Jama'are yake fitowa. Ita ma Jama'aren an daɗe ana maganar datse ta a Kafin Zaki. Manomin Gueskerou ko Chetimari wa ya taɓa tambayarsa?

To yaya aka yi muka rayu? A nan ne tarihin ya fi daɗin ji. Da tabki ya janye, mutane suka bi shi. Masunci ya ajiye taru ya shuka masara da wake a cikin danshin da ruwa ya bari, ba taki ba ban-ruwa, kuma ya cika buhuna. Makiyayi ya samu ciyawa inda dā kifi ke iyo. Da ruwan ya fara dawowa ɓangarenmu a ƙarshen shekarun 1990, aka koma su, banda ta riƙa cika motoci zuwa Maiduguri da kudancin Najeriya. A bakin kogi kuwa jigo ya ba injin ban-ruwa wuri, alkama ta ja baya, tattasai ya hau gadon sarauta. Wanda ya ga shanyar tattasai a watan Janairu, fili ja wur iya ganinka, ya san dalilin da ya sa ake ce masa jan zinariya. Da shi aka yi aure, aka je Makka, aka ɗora kwano a kan ɗaki. Yana da nasa ciwon, wallahi: bashin mai da taki tun kafin a dasa, tsutsa, ga ƙasa da ke gajiya saboda shuka abu ɗaya kowace shekara. Duk da haka mutum ɗaya kan zama manomi da masunci da ɗan kasuwa cikin shekara guda, ya danganta da inda ruwa ya tsaya.

A ganinmu, abin da fari biyu suka kasa yi, shekarar 2015 ta yi shi. Ranar 6 ga Fabrairu ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi don kada kuɗin su faɗa hannun maharan, aka taƙaita mai da takin zamani. Bayan harin Karamga a ƙarshen Afrilu, aka umarci mutanen tsibirai su fice cikin ƴan kwanaki, suka taka a ƙasa cikin zafin bazara zuwa Ngigmi da Bosso, wasu ba su kai ba. Garuruwan bakin kogi suka watse saboda kisa da satar mutane, jama'a suka jeru a bukkoki gefen kwalta, cikin rairayi, kogi na nan kudu da su kaɗan amma ba halin zuwa. Hatta lissafin watanni ya juye: dā muna jiran ruwa ya janye mu shiga aiki, sai muka koma fargabar janyewarsa, don a lokacin ne ake ƙetarowa da ƙafa.

An ɗage haramcin tattasai a 2017, na kifi a 2019, kuma a Yunin 2021 aka mayar da mutanen Baroua garinsu. Amma shi kogin bai jira kowa ba. A Oktoban 2019 ya tumbatsa ya cinye gonakin shinkafa da tattasai, ya shiga gidaje, ya sake yin haka a 2022. Da yawa cikin waɗanda ruwan ya tasa, mutanen da rikici ya riga ya tasa ne, waɗanda suka zauna a kwari don nan kaɗai suka samu fili. Kakanninsu sun san inda ruwa ke kaiwa a shekarar cika, shi ya sa suka kafa garuruwansu a kan tudu. Yanzu in Oktoba ta kama, kunnenmu na kan ma'aunin ruwa na Bagara, matasa na cika buhuna da rairayi, wanda ke da ɗan'uwa a Gashuwa ko Gaidam kuma yana buga waya ya ji ina ruwa ya kai a can, don ya ƙirga kwana nawa suka rage ya iso.