Ganyayen ƙamshi a garka: shuka daga iri, musayar iri da kashe ƙwari ba tare da guba ba

A garake da lambunan Nijar, daga bakin kogin Isa a Yamai zuwa gulbin Maradi da fadamun Damagaram, ana keɓe ƴan fangaloli don ganyayen da ke ƙara wa abinci ƙamshi da ɗanɗano: lansir, ɗoɗɗoya, na'ana'a, hulba da wanda ake sayar da irinsa da sunan Faransanci persil. Wurin da suke ci kaɗan ne, amma suna da wata siffa da ta raba su da albasa ko kabeji. Ana yankarsu kusan kowane mako, kuma wasu, kamar lansir, ɗanyu ake cin su a kwaɗo. Duk abin da aka fesa musu yana iya isa kwanon iyali cikin kwana ɗaya ko biyu.

Lokaci da hanyar shuka

Mafi yawan waɗannan ganyaye sun fi son sanyin hunturu, wato daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin noman rani. Ɗoɗɗoya ce ke jure zafi, tana kuma yi da damina. Ana gyara fangali da ƙasa mai laushi da takin da ya riga ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da ke maƙalewa a ganye.

Ƙa'idar zurfi ɗaya ce: kada ƙasar da ta rufe ƙwaya ta wuce kaurinta sau biyu ko uku. Ƙananan iri kamar na ɗoɗɗoya ana gauraya su da busasshen rairayi don kada su taru wuri guda.

Lansir, wanda ake kiran irinsa algarif, yana tsira cikin kwana 2 zuwa 4, a fara yanka bayan mako biyu ko uku. Hulba ma ba ta jinkiri, amma ba ta son dashe, don haka a inda za ta zauna ake shuka ta. Ɗoɗɗoya tana ɗaukar kamar mako ɗaya, kuma idan ana tsinke kanta tana ƙara rassa. Persil yana iya kai mako uku ko huɗu bai fito ba. Jiƙa irin ya kwana a ruwa yana rage jiran. Na'ana'a kuwa da reshe ake yaɗa ta, domin wadda ta fito daga iri sau da yawa ba ta da ƙamshin uwarta.

Abin da ya fi kashe jariran tsiro shi ne yawan ruwa, wanda ke ruɓar da su daga gindi. Ban-ruwa kaɗan safe da yamma ya wadatar.

Ajiya da musayar iri

Iri mai kyau daga shuka mafi lafiya yake fitowa, ba daga ragowar da aka kasa sayarwa ba. Mai garka yana zaɓen gindi da yawa tun da wuri, ya daina yankarsu, ya bar su su yi fure har ƴaƴan su bushe. Ana ƙarasa shanya a inuwa, a sheƙe, a zuba a kwalba mai murfi tare da ɗan toka, a rubuta suna da shekara, a ajiye nesa da zafi da laima. Irin persil da na albasa ƙarfinsu yana raguwa bayan shekara ɗaya ko biyu.

Fakitin da aka rubuta wa F1 iri ne na aure tsakanin nau'i biyu. Yana ba da amfani a shukar farko, amma ƴaƴansa ba sa fitowa iri ɗaya, don haka bai dace da ajiya ko musaya ba. Nau'in gida, kamar albasar Galmi da ta yi suna a Afirka ta Yamma, shi ne ake iya riƙewa shekara da shekaru, muddin ba a bar shi ya yi fure kusa da wani nau'in danginsa ba, tunda zuma tana haɗa su.

Musaya tsakanin maƙwabta da ƙungiyoyin mata tana rage kashe kuɗi, tana kuma rayar da nau'o'in da suka saba da ƙasar yankin. Sai dai cuta ma tana tafiya ta wannan hanya. Kafin a shuka irin da aka karɓa, ana sa ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙirga waɗanda suka tsira. Idan ba su kai rabi ba, irin ya raunana. Idan dashe ne aka karɓa, a duba saiwa. Ƙulu-ƙulu a jikinta alama ce ta ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, waɗanda ke da wuyar fita daga fangali idan sun shiga. Hulba ce kaɗai a nan ke da ƙananan ƙulli na halitta masu amfani.

Ƙwari da maganinsu

Maganin ƙwari na zamani yana da wa'adin kwanaki tsakanin feshi da girbi, kuma ganyen da ake yanka kowane mako da wuya ya cika wannan wa'adi. Ƙari a kan haka, a kasuwanni akwai magunguna da dama da kwamitin tantance magungunan ƙwari na ƙungiyar CILSS bai amince da su ba, abin da cibiyar manoma ta RECA ta sha jan hankali a kai.

Matakin farko shi ne duba bayan ganye sau biyu ko uku a mako. Darɓa da farin ƙuda a nan suke ɓuya, tsutsa kuma ana iya tsince ta da hannu. Rufe wurin reno da yadin raga yana hana fara da malam buɗe littafi sauka.

Maganin da ya fi samuwa shi ne ƴaƴan bedi, wato dogon yaro. Ana tsince nunannu, a cire ɓawo, a shanya a inuwa, a ajiye a buhu mai shan iska don kada su yi fumfuna. Ana daka gram 500, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. Da yamma ake fesawa, sama da ƙasan ganye, domin rana tana kashe ƙarfinsa, a maimaita bayan mako ɗaya. Bedi ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi ci da girma ne, sakamakon yana bayyana bayan ƴan kwanaki. Jiƙon tafarnuwa da barkono ma yana korar wasu ƙwari.

Ba kowane haɗin gida ne marar haɗari ba. Jiƙon taba guba ne ga mutum, bai kamata ya taɓa ganyen ci ba. Ko bedi, ana dakatar da shi ƴan kwanaki kafin yanka saboda ɗaci, a kuma wanke ganyen da ruwa mai tsabta. Haka nan ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba: ƙaramin jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya darɓa yake ci, zuma kuma ita ke sa furen da aka bari ya zama irin baɗi.