Daga wuri zuwa dala: wa ke yanka wa kuɗinmu farashi?

Shirinmu na yau tarihi ne, amma wata 'yar asara da muka yi ce ta jawo shi.

Kwanakin baya mu 'yan ƙungiyar matasa muka yi karo-karo, daga Ƙaraye har Rogo, za mu sayi injin ban ruwa mai amfani da hasken rana saboda noman rani. Muka samu a wani kantin intanet na ƙasar waje, shafin ya rubuta mana farashi da naira ƙiri-ƙiri. Ni ne mai riƙon kuɗi, ni na danna. Da saƙon banki ya shigo sai na ga abin da aka cire ya zarce abin da muka gani. Wallahi ranar ban yi barci ba, don kuɗin mutane ne. Ashe da dala kantin ke sayarwa. Nairar da ya nuna ƙiyasi ce kawai, bankin kuma ya yi lissafi da nasa canjin na ranar, ya ɗora ladansa.

Da na kai wa kakana ƙorafi, dariya ya yi. Ya ce, "Yaro, ai canji ya girme ka, ya girmi ubanka." To, shi ya sa na shiga bincike.

Kafin zuwan Turawa, da wuri ake ciniki a ƙasar Kano. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Wurin nan kuwa ba a kogin Challawa ake tsintarsa ba, daga tsibiran Maldives na tekun Indiya yake tasowa. Manyan fatake kuma suna riƙe dalar azurfa ta Maria Theresa, mai ɗauke da shekarar 1780. Kun ga tun lokacin akwai kuɗin talaka, akwai kuɗin waje. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne dala ɗaya. Kafin ƙarshen ƙarnin sai da ta kai wajen 5,000. Dalili? 'Yan kasuwar Turai sun yi ta jigilar wani wuri mai araha daga Zanzibar suna zubewa a gaɓar teku, ya yi yawa, darajarsa ta karye. Manomin da ya tara keso guda, wato wuri 20,000, sai ya wayi gari rabin guminsa ya narke, shi kuwa ko tekun bai taɓa gani ba.

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Sannu a hankali haraji ya koma da kuɗin Bature, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 aka kafa hukumar buga kuɗi ta Afirka ta Yamma. Wanda zai biya haraji dole ya nemi sule, sule kuma yana hannun mai sayen gyaɗa da auduga. Nan kakanninmu suka koyi anini, kwabo, taro, sisi, sule da fam.

Najeriya ta fitar da nata kuɗin a 1959. Ranar 1 ga Janairu 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kawo naira, fam ɗaya ya zama naira biyu. Ku lura da wani abu: har gobe idan tsoho ya ce jaka, naira 200 yake nufi, domin jaka fam 100 ce. Wato tsofaffinmu sun shekara hamsin suna canji da ka, ba waya, ba kwamfuta.

A 1980 naira ta fi dala daraja. A Satumban 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin tsarin SAP, naira ta fara gangara. Shekara da shekaru farashi biyu ake da shi, na gwamnati daban, na 'yan canjin Wapa a Fagge daban. A Yunin 2023 Babban Banki ya haɗe farashin, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Ba sai na faɗa wa mai noman masara ko rake a Rogo abin da ya biyo baya ba. Ya gani a buhun taki, ya gani a maganin feshi.

Abin da na fahimta, 'yan uwa, shi ne daga wuri zuwa yau a nesa ake yanka farashin, mu ne na ƙarshe da ke jin labari. Bambancinmu da kakanninmu ɗaya ne: mu muna iya dubawa kafin mu biya. Saboda haka idan shafi ya nuna maka naira, nemi sanin da wane kuɗi za a cire, dala ko naira. Tambayi bankinka canjinsa na ranar da ladan da yake ɗorawa. Idan kuɗin jama'a ne, ka sanar da su kafin ka danna, ka kuma ajiye shaida.

Ni dai na cike giɓin nan daga aljihuna, injin kuma ya iso, yana aiki. Aikin da zan ba ku a wannan mako: ku zauna da wani dattijo a gidanku, ku tambaye shi nawa ya sayar da buhun gyaɗa a shekarar da aka canja fam, ku rubuta ku turo mana. Za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.